Murhun Bayan Gida

Ranar Laraba na shiga Tashan Dukku
da ragowar fansho a aljihun ciki,
ina neman murhu mai murfi, na itace da gawayi,
wanda zan girke bayan gida, gefen lemun tsami.

Bappayo mai walda ya ɗage gilashin fuskarsa.
Ya ce, "Malam, uku ne a ƙasa, kowa da halinsa.
Wancan dogon tsohuwar tukunyar gas ce,
sai ƙarti biyu ke ɗaga ta.
Wannan rabin durom ne, ga araha,
amma damina biyu zai fara zubar da toka ta gindi.
Na ukun ɗan waje ne, mai taya da agogon zafi,
wani alhaji ya kawo gyara, bai waiwayo ba."

Luka, yaron shago, ya goge agogon da bakin riga.
Allura ta nuna min lambobi.
Ubana bai san lamba ba.

A Dadin Kowa ya yi banda har ya tsufa:
tandun laka, waya a kai, tsohon kwano a murfi.
Tafin hannu yake shimfiɗawa bisa kwanon,
ya karanta Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya.
In ya kai ƙarshe bai janye ba, wuta ta daidaita.
"Tarwaɗa ba ta son harshen wuta," in ji shi,
"hayaƙi take so, da mutum mai iya zama."
Kirya don garwashi, tsamiya don ƙamshi.
Darbejiya, ko kyauta aka ba ka,
yi godiya ka bar ta a nan.

Ni kuwa gudu na yi.
Na yi boko don kada rigata ta yi ƙauri,
don 'yan aji su daina kirana ɗan banda.
Shekara talatin da biyar ina riƙe da alli.
Yau ga ni ina taya abin da na tsere wa.

Na durƙusa, gwiwa ta yi ƙara.
Na ƙwanƙwasa durom, ya amsa kamar gwangwanin madara.
Na ƙwanƙwasa ɗan waje, ya amsa da ladabi, babu ciki.
Na ƙwanƙwasa tukunyar gas,
sai da ta yi tunani kafin ta amsa.

Na ce, "Wannan.
Ka mayar da akwatin wuta gefe, ya sauka taki guda,
kada nama ya ga wuta ido da ido.
Ka fasa min ƙofar iska, ƙarama, mai sakata.
Bututun ka ƙara masa tsawo,
maƙwabcina Kawu Jalo yana da tari."

Ya yi kuɗi, na taya, ya ce albarka.
Na kai bakin titi, ya turo Luka.
Da ya sallama ya ce, "Zan cire agogon can in liƙa maka, gyara ce."
Na ce, "Bar wa alhaji kayansa.
Ka daddale min murfin a wuri ɗaya,
daidai faɗin tafi."
Ya dube ni, bai tambaya ba.

A-kori-kura ta sauke shi Tunfure da la'asar.
Dudu ta leƙo daga kicin:
"Jirgin ƙasa ka sayo mana, ina layin dogon?"
Amma ita ta aiki jikanmu ya sayo kifi.

Na haɗa kirya, na ɗora tsamiya, na rufe.
Na shimfiɗa hannu, na fara karatu.
Ban kai aya ta biyu ba na fizge.
Hannun alli ne.
Yaron ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

Na rage ƙofar iska. Na jawo kujera.
Aka kira magariba, aka kira isha,
hayaƙi ya sirance, ya koma shuɗi,
kifi ya fara ɗaukar launin zuma.

Da dare Dudu ta ce in kawo rigar ta jiƙa,
duk ta yi ƙauri.
Na ce ta bar ta sai gobe.